Yadda Za Ka Karanta Hasashen Yanayi Kafin Ka Fita Ɗaukar Hoton Taurari

Wata shekara a watan Janairu na ɗaure kyamara a bayan babur, na yi tafiyar kilomita kusan arba'in zuwa wani ƙauye da babu wutar lantarki. Manhajar da ke wayata ta nuna babu girgije ko ɗigo har gari ya waye, kuma ba ta yi ƙarya ba. Sai dai da na ɗaga kai, taurarin da na iya ƙirgawa ba su fi ashirin ba, su ma a tsakar ka kawai. Hazo ya cinye sauran. Hotunan suka fito kalar kunun kanwa.

Hasashen da aka saba gani a waya an yi shi ne don manomi da matafiyi da mai shanya, tambayarsu ɗaya ce: za a yi ruwa ko ba za a yi ba? Mai ɗaukar hoton taurari kuwa tambayarsa daban: haske mai rauni da ya taso daga nesa, nawa ne daga cikinsa zai iso gilashin kyamara? Abubuwa shida ke amsa wannan, wato wata, girgije, ƙura, raɓa, iska da lumshin taurari. A Turai girgije ne babban abokin gaba, kuma yawancin manhajojin masu kallon taurari don shi aka gina su. A yankinmu ƙura ce, har tsawon rabin shekara.

Mataki na farko: fara da wata, ba da hasashe ba

Wata ba ya buƙatar hasashe, lissafinsa a tsaye yake, kuma kalandar Hijira da ke rataye a bango ta isa. Kwanan watan Musulunci shi ne shekarun watan da ke sama. A dare na 1 zuwa na 4 jinjirin wata yana faɗuwa da wuri, sauran daren duhu ne. A na 7 yana kaiwa tsakar dare. Daga 11 zuwa 17 farin wata ya mamaye, ka haƙura da taurari masu rauni, ka ɗauki watan kansa in kana so. Bayan sha huɗu yana jinkirin fitowa da kimanin minti 50 kowane dare, har ya zama a na 22 sai wajen tsakar dare zai leƙo. Saboda haka ka ware daga 23 ga wata zuwa 5 ga mai kamawa. Cikin waɗannan kwanaki goma sha biyu ko makamancinsu za ka nemi darenka.

Cikakken duhu yana farawa ne idan rana ta nutse digiri 18 ƙasa da inda sama ta haɗu da ƙasa. A Kano ko Damagaram wannan yakan ɗauki kamar sa'a ɗaya da kwata bayan faɗuwar rana. Wannan ma'auni, ko kusa da shi, shi ne masu jadawalin sallah ke amfani da shi wajen ɓacewar shafaƙi da ketowar alfijir. Ke nan ba sai ka nemi wata manhaja ba: lokacin aikinka daga Isha'i ne zuwa kiran Assalatu.

Mataki na biyu: san abin da kake nema da lokacinsa

Farin layin nan na taurari da ke ratsa sama kamar kogi, wanda ake kira Milky Way, sashensa mafi haske yana kudu. Daga Kano yana hawa kusan digiri 49 a ƙololuwarsa, tsayin da mai kyamara a Ingila ba zai taɓa samu ba. Matsalar ita ce lokacinsa ya faɗo kan damina. A Maris da Afrilu sai gab da asuba yake miƙewa sosai, a ƙarshen Yuni yana tsaye da tsakar dare, a Oktoba kuwa da zarar an idar da Isha'i za ka same shi ya karkata kudu maso yamma, kana da sa'o'i biyu kafin ya yi ƙasa da yawa. Kaza da 'ya'yanta da taurarin Oriyon na hunturu ne, kuma suna ratsawa kusa da tsakar ka. Zubar taurari, wato daren da ake ganin taurari masu faɗuwa da yawa, ta Jeminid tana kaiwa ganiya 13 zuwa 14 ga Disamba, ta Farsid kuma 12 zuwa 13 ga Agusta, tsakiyar marka, don haka da wuya mu more ta.

A ganina babu lokacin da ya kai ƙarshen damina, daga tsakiyar Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba. Hadari ya janye kudu, ruwa ya wanke sararin sama, hazo bai kankama ba, ba a kuma fara ƙona daji gadan-gadan ba. In sau ɗaya kawai za ka fita a shekara, ka nemi duhun watan da ya faɗo cikin wannan tsakani.

Mataki na uku: kwana biyar kafin daren, duba girgije

Duk manhajar yanayi da ka gani, ba ita ke yin hasashen ba. Tana ɗauko shi ne daga ɗaya daga cikin manyan tsare-tsaren kwamfuta: GFS na Amurka, ECMWF na cibiyar ƙasashen Turai, ko ICON na Jamus. Suna yanka duniya gida-gida, kowane gida kilomita 9 zuwa 13, su lissafa abin da zai faru a cikinsa. Manhajar Windy tana ba ka damar sauyawa tsakanin ukun kyauta, kuma wannan shi ne amfaninta mafi girma. In duka ukun sun ce sama za ta buɗe, ka fara shiri. In sun saɓa, ka ɗauka ba a sani ba tukuna, ka sake dubawa gobe. GFS yana sabuntawa sau huɗu a rana, don haka abin da ka gani da safe ba lallai ya kai yamma ba. Hasashen girgije da ya wuce kwana uku, alama ce kawai.

Kada ka tsaya a kan jimillar girgije. Buɗe shi hawa uku. Na ƙasa, wanda bai kai tsayin kilomita 2 ba, da na tsakiya, su ne masu toshe sama ɗungurungum, amma aƙalla idonka yana ganinsu. Na sama, siraran nan masu kama da zaren auduga da aka ja, ƙanƙara ce zalla a can sama da kilomita 6, kuma su ne mayaudara. Da dare ba ka ganinsu. Sai ka koma gida ka buɗe hoton ka tarar kowane babban tauraro ya kumbura ya yi kewayen haske, ƙananan kuma sun ɓace. A hunturu sukan shigo mana daga yamma ko kudu maso yamma alhali ƙasa a bushe take ƙamas. Ƙa'idar da nake bi: na ƙasa da na tsakiya kada su wuce kashi 10 cikin 100, na sama kada ya wuce 20.

Clear Outside da shafin masu kallon taurari na Meteoblue duk suna jera hawa ukun sa'a bayan sa'a, kuma suna aiki a ko'ina a duniya. Astrospheric da za ka ji ana yabo a bidiyoyi, ƙarfinsa a Arewacin Amurka yake, kada ka ɓata data a kansa.

Mataki na huɗu: ƙura

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa. Yawancin hazon da ke rufe mu daga Nuwamba zuwa Maris yana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafkin Chadi na da can. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi ta kwashi garin ƙasa mai laushi. Cikin kwana ɗaya ko biyu ya iso Damagaram da Kano. Abin daɗin shi ne ba kullum yake tashi ba. Yana zuwa ne a kai a kai, ya yi kwanaki ya lafa, kuma tsare-tsaren kwamfuta sun fi iya hango shi fiye da hadarin damina, tunda tafiyarsa doguwa ce kuma hanyarsa sananniya.

Wurare biyu nake dubawa. Na farko taswirar ƙura da ke cikin Windy, wadda ke ɗauko bayani daga shirin Copernicus na Turai. Na biyu shafin cibiyar hasashen ƙura da ke Basalona, wadda ke aiki a ƙarƙashin Hukumar Yanayi ta Duniya kuma take duba Arewacin Afirka da Sahel. Lambar da za ka nema ita ce AOD, ma'aunin yawan hasken da ƙura da hayaƙi ke tarewa daga ƙasa har ƙarshen sararin iska.

Ga abin da lambar ke nufi a aikace. In AOD 0.1 ne, kusan kashi 90 na hasken tauraron da ke tsakar ka yana wucewa. In 0.5 ne, kashi 61. In ya kai 1, kashi 37 kacal. Wannan a tsakar ka ke nan. Tauraron da ke digiri 30 daga ƙasa, haskensa yana ratsa iska ninki biyu, don haka a 0.5 kashi 37 ne zai iso, a 1 kuwa kashi 14. Shi ya sa a daren hazo kake ganin 'yan taurari a saman kanka, gefe-gefe kuwa fayau. Ƙasa da 0.2 dare ne na alfarma. Daga 0.2 zuwa 0.4 ana iya aiki in abin da kake nema yana sama sosai. Ya wuce 0.6, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Akwai ɓarna ta biyu da lambar ba ta faɗa. Ƙura tana kama hasken fitilun gari ta watsa shi ko'ina. Wurin da a Oktoba hasken birni yake ɗan ja a gefen sama, a Janairu sai ka ga ya haura rabin sama. Saboda haka in akwai ɗan hazo, ka ƙara nisa da gari, kuma ka zaɓi gefen da birnin zai kasance a bayanka. Mai son ɗaukar kudu, ya fita kudu da gari. Tudu ma yana taimakawa, domin a hunturu ƙurar ta fi taruwa a ƙasa-ƙasa: mutumin Jos da ke sama da mita 1,200, ko na Mambila, ya tsallake wani kaso nata. A bazara kuwa zafi yana ɗaga ta sama sosai, har ka ga gari garau a ƙasa amma sama fari fat. A irin wannan lokaci AOD ne zai gaya maka gaskiya, ba nisan da ido ke gani ba.

Mataki na biyar: raɓa, iska da lumshi

Raɓa tana sauka ne idan sanyin abu ya kai wani mizani da manhajoji ke rubutawa da sunan "dew point". Ka cire shi daga zafin da aka yi hasashe na kowace sa'a. In tazarar ta fi digiri 5, babu damuwa. In ta sauko 2 ko 3, gilashin kyamara zai jiƙe, domin gilashin da ke kallon sama yana yin sanyi fiye da iskar da ke kewaye da shi. A Satumba da Oktoba, musamman kusa da fadama, wajen ƙarfe biyu na dare ake fara wannan. Maganinsa ɗan madauri mai ɗumi da ake naɗawa a bakin gilashin a jona shi da fawa-banki. In babu, murfin hana haske na gilashin yana jinkirta ta. Kada ka goge da gefen riga, cikin minti biyar za ta dawo, ga kuma zane. A hunturu babu raɓa sam, amma kada ka canza gilashi a fili, ƙura za ta shige cikin kyamarar.

Iska ƙasa da kilomita 15 a sa'a ba ta hana komai. Abin dubawa shi ne bugunta na lokaci-lokaci: in yana kaiwa 25 ko 30, kyamara za ta girgiza cikin daƙiƙa 15 ko 20 da take buɗe, taurari su zama waƙafi. Ka rage tsayin ƙafafun ƙarfen nan mai ƙafa uku da ake ɗora kyamarar a kai, ka rataya jaka mai nauyi a tsakiya, ko ka fake a bayan dutse.

Lumshin taurari kuwa, wato yadda suke ƙyaftawa, motsin iska ne a sama. Meteoblue yana ba da lambarsa a ƙarƙashin "arc sec.": 1 ko ƙasa da haka madalla, sama da 2 ko 3 hoton zai yi dishi-dishi. Amma wannan damuwar mai na'urar hangen nesa ce da ke son zoben duniyar Satan (Saturn) ko ramukan wata. Mai faffaɗan gilashi na milimita 14 zuwa 24, ko mai waya, ya tsallake wannan layi. Wani abin mamaki ma, daren ɗan hazo mara iska yakan yi kyau ga wata da Jufita, tunda haskensu ya fi ƙarfin ƙurar. In hazo ya hana ka kogin taurari, ka juya kansu.

Zafi ma yana da nasa. Ɗige-ɗigen da zafi ke haifarwa a cikin hoto suna ninkawa kusan biyu a duk ƙarin digiri 6 ko 7. A daren Afrilu na Sakkwato gara ka ɗauki gajerun hotuna da yawa ka haɗa su a kwamfuta, kuma ka bari sai gab da asuba.

Mataki na shida: ranar fita, bar hasashe ka koma ga abin da ke faruwa

Daga la'asar, hoton tauraron ɗan'adam ya fi kowane hasashe. Taurarin Meteosat na hukumar EUMETSAT suna kallon Afirka ba dare ba rana, suna aiko sabon hoto duk minti 10 zuwa 15, kuma ana ganinsu kyauta a shafin EUMETView da cikin Windy. Ka kunna hotunan sa'o'i uku da suka wuce su yi tafiya kamar bidiyo, ka ga ina abin ya dosa. Akwai wani nau'in hoto na musamman don ƙura, wanda ke aiki har da dare: ƙura tana fitowa ruwan hoda mai haske, hadari mai kauri ja mai duhu, siririn girgijen sama kuma baƙi-baƙi.

A damina wannan mataki shi ne komai, domin tsare-tsaren kwamfuta ba su iya faɗin daidai inda hadarin Sahel zai haɗu ba. Abin da aka sani shi ne ɗabi'arsa. Yakan haɗu da yamma a kan tuddai irin su Filato da duwatsun Azbin, ya yi gungu, ya nufi yamma da gudun kusan kilomita 50 a sa'a. Saboda haka gabas za ka duba. Gungun da ke kan Maiduguri da magariba, kilomita 500 ke tsakaninsa da Kano, ke nan yana iya isowa wajen asuba in bai watse ba, kuma gizagizansa na sama sukan riga shi bazuwa. Wanda ya riga ya wuce ka zuwa yamma ba ya dawowa. Daren da ya biyo bayan ruwa mai ƙarfi, in sama ta buɗe, shi ne mafi tsabta a shekara, sai dai ka zo da maganin raɓa. Ka kuma saurari gargaɗin NiMet a Najeriya ko na hukumar yanayi ta Nijar. Ƙarfe mai ƙafa uku a fili ba abin tsayawa kusa da shi ba ne in ana walƙiya.

Sai rahoton filin jirgin sama mafi kusa, wanda ake kira METAR. Wannan ba hasashe ba ne, aunawa ce ta wannan sa'a. Ka rubuta METAR da lambar filin a intanet: Kano DNKN, Sakkwato DNSO, Maiduguri DNMA, Yamai DRRN, Damagaram DRZR. A ce ka ga layi kamar haka: 151900Z 04008KT 1500 DU NSC 21/03. Ma'anarsa ranar 15, ƙarfe 7 na dare agogon GMT, wato 8 a Najeriya da Nijar. Iska daga arewa maso gabas, kimanin kilomita 15 a sa'a. Ido yana ganin mita 1,500 kawai, dalili ƙura. Babu girgijen a zo a gani. Zafi 21, mizanin raɓa 3. Wannan shi ne irin daren da na yi asarar man babur: babu girgije, babu raɓa, babu taurari. Abin da kake so ka gani a gurbin 1500 shi ne 9999, wato kilomita 10 ko fiye. In ka ga CAVOK ka ji daɗi amma da sauƙi, domin matuƙin jirgi aka yi wa: yana nufin babu girgije ƙasa da kimanin mita 1,500, bai ce komai ba game da na can sama. Dabara ɗaya: a hunturu mutumin Kano ya duba na Damagaram da Maiduguri, hazon yakan riga bi ta kansu.

Mataki na bakwai: idonka

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Da la'asar ka tsaya inda gini ya kare maka rana, ka dubi saman da ke kewaye da ita, ba ita kanta ba. In shuɗi ne har kusa da ita, iska a wanke take. In fari ne mai faɗi, akwai ƙura. Da magariba, ranar da ta dushe ta zama farin faranti ta ɓace tun ba ta taɓa ƙasa ba, ta gama ba ka amsa. Jajayen zare-zare da ke daɗewa a sama bayan faɗuwarta, girgijen saman nan ne.

Bayan Isha'i ka nemi tauraron arewa. Tsayinsa daidai yake da nisan garinku daga layin ikwaita da ya raba duniya kudu da arewa: digiri 12 a Kano, kusan 14 a Damagaram. In ka miƙa hannu ka dunƙula, faɗin dunƙulen kusan digiri 10 ne, ke nan dunƙule ɗaya da ɗan ɗori daga ƙasa. Haskensa yana ratsa iska kusan ninki biyar na wanda ke tsakar ka, don haka in ka gan shi sarai daga nan, daren ya yi. A hunturu ka ƙirga 'ya'yan kaza: shida ba tare da wahala ba, alama ce mai kyau.

Kada ka bar shawarar wuri sai dare. Ka je da rana ka ga filin, ka gaida mai unguwa ka faɗa masa abin da ya kawo ka, 'yan sintiri su san da zamanka, kuma kada ka je kai kaɗai. Mutum da jan tocila da ƙarfe mai ƙafa uku a bayan gari da ƙarfe biyun dare, ba kowa zai yi masa kyakkyawan zato ba. Inda hanya ba ta da aminci, soron gida a gefen gari ya wadatar.

Hoton gwaji na farko shi ne alƙali. Buɗe gilashi a f/2.8, ISO (ma'aunin yadda kyamara ke jin haske) 3200, daƙiƙa 15, ka ɗauka ka zuƙo shi a fuskar kyamara. Kewayen haske a manyan taurari, ko girgijen sama ne ko raɓa: haska gilashin ka gani. Bango ruwan ƙasa, ƙura ce da hasken gari, sai ka ɗaga kyamarar ta ƙara kallon sama.

In ka dawo, ka rubuta layi ɗaya a littafi: kwanan wata, abin da GFS da ECMWF da ICON suka ce, lambar AOD, abin da METAR ya nuna, da abin da ka tarar. Bayan fita goma za ka ga wane tsari ne ya fi dacewa da garinku a kowane yanayi, da kuma lambar AOD da daga ita kyamararka take daina ganin kogin taurari. Tawa 0.4 ce, a filin da na saba zuwa.